FARFESA GERHARD ERTL: Tarihin Masanin Da Ya Tone Asirin Takin Zamani

Gabatarwa

Bayan gaisuwa ga shugabannin wannan ƙungiya tamu, da iyayenmu malamai, da 'yan uwana tsofaffin ɗalibai, da kuma ƙannenmu da har yanzu suke bisa benci, ina neman izini in ɗan kauce wa abin da aka saba gani a filin tarihi na wannan mujalla. Galibi akan kawo tarihin sarakuna ne, ko malaman addini, ko 'yan mazan jiya da suka yi gwagwarmayar neman mulkin kai. Ni kuwa a wannan karo ƙasar Jamus zan kai mu, domin mu dubi rayuwar wani shaihun malami na kimiyyar sinadarai, watau kemistiri, mai suna Gerhard Ertl, wanda aka ba kyautar Nobel a shekarar 2007.

Watakila mai karatu ya ce, to me ya haɗa kifi da kaska? Abin da ya haɗa mu da wannan bawan Allah yana nan cikin buhun yuriya da kamfa da manomanmu ke rububin saye da zarar damina ta kankama. Tun shekarar 1913 masana'antu ke sarrafa iskar da muke shaƙa suna mayar da ita taki, amma sai da aka yi fiye da shekara 60 ana wannan sana'a ba tare da wani ya iya bayyana dalla-dalla abin da ke faruwa a cikin tukunyar ba. Ertl ne ya zauna, shi da ɗalibansa, suka bi al'amarin daki-daki har suka warware shi. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna yadda ya yi wannan aiki, da irin girmamawar da ya samu, da kuma tsawon lokacin da ke tsakanin aikin da girmamawar, domin a ganina a nan darasin yake.

Yunwar Da Aka Hango

Kowane manomi ya san gonar da aka daɗe ana nomawa ba taki takan gaji, ganyen dawa ya koma ruwan ɗorawa, zangarniya ta ƙanƙance. Babban abin da ƙasar ta rasa shi ne sinadarin naitirojin. Abin mamaki, kashi 78 cikin 100 na iskar da ke kewaye da mu naitirojin ne, sai dai shuka ba ta iya cin sa a haka. Dalili kuwa shi ne, a cikin iska ƙwayoyin zarra na naitirojin biyu-biyu suke tafiya, a ɗaure da juna da wani ɗauri mai igiya uku, wanda yana cikin mafi ƙarfi da aka sani a kemistiri. Wake da gyada da danginsu su ne suka yi sa'a, domin akwai wasu ƙwayoyin halitta a saiwarsu masu iya kwance wannan ɗauri. Shi ya sa kakanninmu suke sa wake a tsakanin gero tun ba su taɓa jin sunan naitirojin ba.

A ƙarni na 19 Turawa sun dogara ne da kashin tsuntsayen teku da ake ɗaukowa daga Peru, da wani gishirin ƙasa da ake haƙowa a hamadar Chile. A shekarar 1898 wani masani Bature ɗan Ingila, William Crookes, ya yi jawabi a birnin Bristol, ya yi gargaɗi cewa jama'a na ƙaruwa, wannan taki kuwa mai ƙarewa ne, in masu kemistiri ba su samo hanyar ɗauko naitirojin daga iska ba to ƙasashen da ke cin alkama za su sha yunwa.

Bajamushen nan Fritz Haber ne ya amsa kiran. A 1909 a birnin Karlsruhe ya nuna cewa in aka matse naitirojin da haidirojin a wuri mai tsananin zafi, aka kuma sa musu wani ƙarfe a tsakani, sukan haɗu su ba da amoniya, wadda ita ce uwar duk wani takin zamani mai naitirojin. Kamfanin BASF ya karɓi aikin. Injiniyansa Carl Bosch ya ƙera tukwanen ƙarfe masu jure zafin digiri 400 zuwa 500 da matsin da ya ninka na iskar duniya sau 200. Ƙarfen da Haber ya yi amfani da shi, osmiyam, yana da tsada da wuyar samu, saboda haka wani ma'aikacin kamfanin, Alwin Mittasch, ya shiga lalube. Shi da mataimakansa sun yi gwaji kimanin 20,000 a tsawon shekaru, kuma abin da ya fi dacewa da suka samu shi ne baƙin ƙarfe daga wani dutse na ƙasar Suwidin, wanda aka ɗan gauraya da sinadaran alminiyam da kalsiyam da fotashiyam. A 1913 masana'anta ta farko ta fara aiki a Oppau.

Tilas a faɗi gaskiya, amoniyar nan da ita Jamus ta riƙa yin albarushi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma Haber ɗin ne ya shugabanci harba iska mai guba a kan sojoji a Ypres cikin 1915. Duk da haka an ba shi kyautar Nobel ta 1918, Bosch kuma ya sami tasa a 1931.

Dillalin Da Ba Ya Karɓar La'ada

Wannan ƙarfe da ake sawa a tsakani shi masana ke kira katalis. Wani masani ɗan Suwidin, Berzelius, shi ya raɗa wa al'amarin suna a 1835. In za a kwatanta, katalis dillali ne. Mai saye da mai sayarwa suna iya wuni a kasuwa ɗaya ba su daidaita ba, amma da dillali ya shiga tsakani sai a sallama nan da nan. Bambancinsa da dillalan kasuwarmu shi ne ba ya karɓar la'ada, yadda ya shiga cinikin haka yake fita, ya koma ya haɗa wani. Mafi yawan kayan da masana'antun sinadarai ke fitarwa, tun daga fetur har robobi, sai sun bi ta hannun irin wannan dillali.

In katalis daskararren abu ne kamar ƙarfe, to duk cinikin a kan fuskarsa ake yi, a kan jerin ƙwayoyin zarra na can sama da iska ke taɓawa. Wanda ya fara tsara tunani a kan wannan fage shi ne Irving Langmuir na kamfanin General Electric a Amurka, wanda ya ci Nobel a 1932. Amma a zamaninsa babu na'urar da za a leƙa fuskar ƙarfe da ita. Saboda haka masana'antu suka ci gaba da aiki da abin da Mittasch ya samo ta hanyar gwaji, kamar mai dafa magani da ya gaji haɗin daga kakansa, yana ganin yana warkarwa amma bai san wane saiwa ke aikin ba.

Haihuwarsa Da Karatunsa

An haifi Gerhard Ertl ran 10 ga Oktoba, 1936, a unguwar Bad Cannstatt ta birnin Stuttgart a kudancin Jamus. Yana ɗan shekara 8 aka gama Yaƙin Duniya na Biyu, saboda haka ya yi karatun sakandare ne a ƙasar da ke ta fama da kwashe ɓaraguzai. Ya gama a 1955, ya shiga babbar makarantar fasaha ta Stuttgart. Abin lura shi ne, mutumin da zai ci kyautar kemistiri fiziks ya karanta. Ya yi shekara guda a Jami'ar Faris, ya yi wata a Jami'ar Munik, sannan ya komo Stuttgart ya karɓi digirinsa a 1961.

A nan ne ya gamu da malamin da ya sa shi a hanya, Heinz Gerischer, wanda gwani ne a kan abin da ke faruwa tsakanin ƙarfe da ruwa in wutar lantarki na ratsawa, kamar a cikin batir. Da Gerischer ya koma babbar makarantar fasaha ta Munik sai Ertl ya bi shi. Sha'awar ɗalibin ta karkata ga abin da ke faruwa tsakanin ƙarfe da iska, fagen da ba na malaminsa ba ne, amma malamin bai tilasta masa bin sawunsa ba, ya bar shi ya kama gabansa. Ertl ya sami digirin dakta a 1965 da bincike a kan yadda haidirojin ke haɗuwa da oksijin a kan fuskar wani ma'adini da ake kira jamaniyam. Bayan shekara biyu kacal ya cika sharaɗin da Jamusawa ke gindaya wa mai son zama farfesa, kuma a 1968, bai wuce shekara 32 ba, aka ba shi kujerar farfesa a Hanover. A 1973 ya koma Jami'ar Munik, inda ya zauna shekara 13. A tsakanin nan ya je koyarwa ta ɗan lokaci a Amurka har sau uku: a Caltech daga 1976 zuwa 1977, a Milwaukee a 1979, sai Berkeley daga 1981 zuwa 1982.

Wahalar Leƙen Fuskar Ƙarfe

Domin mai karatu ya gane girman aikin, ya kamata a san dalilin da ya sa ya gagari na baya. Fuskar ƙarfe ba ta zama da tsabta. Duk abin da ke cikin iska yakan faɗa mata ya manne. Ko da an zuƙe iskar da ke cikin akwati har ya rage kashi ɗaya cikin miliyan dubu, ragowar ta isa ta lulluɓe fuskar ƙarfen cikin kimanin daƙiƙa ɗaya. Wanda ke son ya sami awa guda yana nazari a kan fuska mai tsabta, sai ya ƙara zuƙe ragowar nan har sau dubbai. Famfunan da ke iya wannan ba su yawaita ba sai a shekarun 1960, albarkacin masana'antun kayan lantarki da binciken sararin samaniya. Ertl ya zo daidai kan gaɓa, kuma ilminsa na fiziks ya sa ya gane amfanin waɗannan na'urori da wuri.

Dabararsa ita ce ya sauƙaƙa tambaya har ta zama mai amsuwa. Maimakon ya ɗauki katalis na masana'anta mai gauraye-gauraye, sai ya ɗauki ɗan guntun ƙarfe tsantsa, kamar girman kwabo, wanda ƙwayoyin zarrarsa ke jere bisa tsari ɗaya, aka yanka shi ta fuskar da aka sani. Sai a sa shi cikin akwatin da aka zuƙe, a tsabtace shi, a sako masa iska iri ɗaya 'yar kaɗan, a ga abin da zai faru. Ana harba masa ilaktiron marasa ƙarfi, su yi tsalle su dawo su zana ɗigo-ɗigo a kan allo, daga zanen sai a gane yadda ƙwayoyin suka jeru. Wata na'urar tana faɗin irin sinadarin da ya manne, wata kuma tana auna zafin da ake buƙata kafin ya saki.

Abin da abokan aikinsa suka fi yaba masa shi ne ba ya yanke hukunci da shaida ɗaya. Duk abin da na'ura guda ta gaya masa, sai ya nemi wata ta dabam ta tabbatar. In sabuwar na'ura ta fito, sai ya koma kan tsohuwar tambayar da ya riga ya amsa ya sake gwadawa. Da haka ya fara da nazarin yadda haidirojin ke zama a kan ƙarafa irin su faladiyam da filatinam da nikel, kuma a 1974 shi da abokin aikinsa Jürgen Küppers suka wallafa littafi a kan waɗannan dabaru.

Warware Asirin Amoniya

A tsakiyar shekarun 1970 dattijon masanin katalis na Amurka, Paul Emmett, wanda ya yi kusan shekara 50 a kan amoniya, ya bayyana a wani taro cewa an yarda mannewar naitirojin a kan ƙarfe ita ce matakin da ke jan ƙafa, amma har lokacin ba a tantance ba ko ƙwayoyin nan biyu sukan rabu ne tukuna, ko kuwa a ɗaurensu haidirojin ke far musu. Ertl ya ɗauki wannan tambaya ya kai ta ɗakin gwajinsa na Munik.

Da farko ya nuna cewa lalle baƙin ƙarfe yana kwance ɗaurin naitirojin, ƙwayoyin su rabu kowace ta zauna ita kaɗai a kan fuskar. Amma abin na da wuyar aukuwa ƙwarai: cikin kimanin miliyan guda da suka bugi ƙarfen, ɗaya ce ke rabuwa. Daga nan sai ya yi gwajin da ya raba gardama. Ya riƙa ƙara haidirojin yana ƙidaya ƙwayoyin naitirojin ɗai-ɗai da suka saura a kan fuskar, sai ya ga duk sa'ad da haidirojin ya ƙaru su kuwa sai su ragu. Da a ce haidirojin da masu ɗaure yake hulɗa, da na ɗai-ɗai ɗin sun zauna yadda suke. Tun da suna raguwa, ashe su ne ake ci. Wannan ya tabbatar da cewa sai an raba kafin a haɗa, kuma rabawar ce ke cin lokaci.

Sauran matakan kuwa, watau yadda ƙwayar naitirojin ke ɗaukar haidirojin na ɗaya, da na biyu, da na uku, suna da sauri har ba a iya kama su. A nan ya yi wata hikima. Da yake wannan haɗi yana iya komawa baya, sai ya fara daga ƙarshe: ya sako amoniya a kan ƙarfen ya duba yadda take wargajewa mataki-mataki, yana amfani da wani nau'in haidirojin mai nauyi a matsayin alama, kamar yadda makiyayi ke yi wa dabba shaida don ya gane ta cikin garke. Da ya haɗa tafiya da dawowa sai ya sami taswirar hanyar gaba ɗaya, da yawan ƙarfin da kowane mataki ke ci ko yake bayarwa.

Bugu da ƙari, ya gano cewa fuskokin ƙarfe ba ɗaya suke ba. Wadda ƙwayoyinta ke da gibi-gibi ta fi mai sumul kwance ɗaurin nesa ba kusa ba. Ya kuma bayyana amfanin fotashiyam, sinadarin nan da ke cikin toka, wanda Mittasch ya zuba don kawai ya ga yana ƙara auki: yana tura wa ƙarfen ilaktiron, naitirojin ya ƙara mannewa, ɗaurinsa ya yi laushi. Shi kuma sinadarin alminiyam aikinsa ya hana 'yan ƙwayoyin ƙarfen narkewa su cure wuri ɗaya, domin fuskar ta zauna da faɗi.

Masu shakka sun ce, abin da aka gani a akwatin da ba iska ina ruwansa da tukunyar masana'anta mai matsi ninki 200? Amsar ta fito daga ƙasar Denmak a 1985, inda masana biyu, Stoltze da Nørskov, suka ɗauki alƙaluman irin waɗannan gwaje-gwaje suka lissafa amoniyar da ya kamata tukunya ta fitar, lissafin kuwa ya yi daidai da abin da ake samu. Tun daga ranar da aka kunna wuta a Oppau zuwa wannan rana shekara 72 ke nan.

Hayaƙin Mota Da Ƙarfe Mai Numfashi

Aikinsa na biyu da ya yi fice ya shafi iskar nan mai guba, kabon monoksaid, wadda ke fita daga salansar mota, kuma ita ce ke hallaka mutanen da suka kwana da janareta a cikin gida. Tun 1975 aka fara sa wa motocin Amurka wani ɗan akwati a jikin salansa, mai ramuka kamar saƙar zuma, wanda aka shafe da filatinam da danginsa, domin ya mayar da gubar iska marar kisa. Shi ne makanikan ƙasar nan ke yi wa laƙabi da Indomie, kuma tsadar ƙarfen da ke ciki ce ta sa ake cire shi a sayar.

Ertl da ɗalibansa sun nuna cewa sai gubar da oksijin duka sun sauka a kan fuskar ƙarfen sannan suke haɗuwa. In ƙarfen na da sanyi, gubar takan mamaye wurin ta hana oksijin masauki, shi ya sa akwatin ba ya aiki sosai sai inji ya ɗauki zafi. A farkon shekarun 1980 kuma suka ga wani abin al'ajabi: a wani yanayi saurin haɗin yakan hau ya sauka, ya hau ya sauka, kamar bugun zuciya. Da suka bincika sai suka tarar fuskar filatinam ɗin ce da kanta ke sauya tsari. In guba ta taru sai ƙwayoyin ƙarfen su sake jeri, sabon jerin ya jawo oksijin, oksijin ya cinye gubar, fuskar ta koma yadda take, a sake sabon lale.

A 1986 aka kira shi Balin ya gaji malaminsa Gerischer a matsayin darakta a Cibiyar Fritz Haber ta Ƙungiyar Max Planck, watau cibiyar da aka kafa a 1911 wadda Haber ne shugabanta na farko. A can ne ƙungiyarsa ta ƙera wani madubin ƙara girma na musamman, kuma wajen 1990 aka ga hotunan abin da ke faruwa ido da ido: igiyoyi suna tafiya a kan ƙarfen, wasu zobe-zobe kamar an jefa dutse a tafki, wasu a murɗe kamar gammo. Ya riƙe wannan muƙami har ya yi ritaya a 2004.

Lambobin Girma

Girmamawa ta zo masa ne hawa-hawa, kuma abokan sana'arsa ne suka fara. A 1979 ƙungiyar masana katalis ta Arewacin Amurka ta ba shi lambar da ke ɗauke da sunan Paul Emmett, mutumin da ya jefa tambayar. A 1987 ƙungiyar masana kemistiri ta Jamus ta ba shi lambar Liebig. A 1991 ya sami kyautar Leibniz, wadda ita ce babbar kyautar bincike ta Jamus, kuma kuɗinta na ci gaba da bincike ne. A 1992 ya karɓi Kyautar Japan. A 1998 aka ba shi kyautar Wolf ta ƙasar Isra'ila tare da Gabor Somorjai na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. A tsakanin nan, cikin 1997, shi da wasu abokansa biyu suka shirya wani kundi mai juzu'i 5 a kan ilmin katalis, wanda ya zama abin dubawa ga masu wannan fage.

Ran 9 ga Oktoba, 2007, aka ba da sanarwar kyautar Nobel ta fiziks, Bajamushe Peter Grünberg ya raba ta da Albert Fert na Faransa. Kashegari, ranar da Ertl ya cika shekara 71 cif, aka buga masa waya daga Stockholm cewa shi ne ya ci ta kemistiri, shi kaɗai, saboda bincikensa a kan abin da ke gudana a fuskar daskararrun abubuwa. Ya shaida wa 'yan jarida cewa babu kyautar ranar haihuwa da ta fi wannan. Ran 10 ga Disamba ya karɓe ta daga hannun Sarkin Suwidin, tare da kurona miliyan 10. Rabon da wannan fage ya sami irin wannan kyauta tun ta Langmuir, shekara 75 baya.

Sai dai ba a rasa ƙorafi ba. Da yawa daga masanan fagen sun yi mamakin yadda aka bar Somorjai, alhali doka ta yarda a raba kyautar tsakanin mutum uku. Somorjai ɗan ƙasar Hangari ne da ya gudu zuwa Amurka bayan boren 1956, kuma ƙungiyarsa ce ta auna fitar amoniya a kan irin guntayen ƙarfen nan a ƙarƙashin matsi mai yawa, ta sami sakamakon da ya ƙarfafa na Ertl. A 2008 ƙungiyar masana kemistiri ta Amurka ta ba shi babbar lambarta ta Priestley. Wannan ya isa ya nuna mana cewa lambar girma hukuncin 'yan kwamiti ne, tana iya sauka a kan wanda ya cancanta ta tsallake wani da shi ma ya cancanta.

Kammalawa

An ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen duniya a yau da abincin da takin Haber da Bosch ya noma suke rayuwa, kuma sarrafa shi yana cin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na makamashin da duniya ke ƙonawa. Mu ma muna cikin wannan lissafi. Masana'antar da NAFCON ta buɗe a Onne a ƙarshen shekarun 1980, da ta Indorama a Eleme wadda ta fara a 2016, da ta Dangote a Lekki da aka ƙaddamar a 2022, duka iskar gas suke ciro haidirojin daga gare ta, su haɗa da naitirojin na iska a kan katalis, su sami amoniya, su mayar da ita yuriya. Lambar 46 da ke jikin buhun ita ce kason naitirojin da ke ciki. A taron Abuja na 2006 shugabannin Afirka sun yi alkawarin ɗaga amfani da taki daga kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta kafin 2015, wa'adin ya wuce ba a kai ba. Wanda duk ya samo hanyar yin amoniya da ƙarancin zafi da matsi zai rage wa manomin Funtuwa da na Maraɗi tsadar buhu, kuma masu neman wannan hanya a kan harsashin da su Ertl suka aza suke gini.

Mu da muke aikin gwamnati mun saba da auna komai da kasafin shekara guda, abin da bai ba da sakamako kafin Disamba ba sai a ce a soke shi. Aikin Ertl a kan amoniya ya ci kimanin shekara 10, bai ƙara wa kowace masana'anta buhu ɗaya a lokacin ba, kuma sai da aka yi kusan shekara 30 kafin Nobel ta biyo baya. Da waɗanda ke biyan kuɗin na'urorinsa sun yi gajen haƙuri, da yau babu wannan tarihi. Haka kuma da Gerischer ya ce lalle sai ɗalibinsa ya bi sawunsa, da duniya ta sami ƙarin masanin batir guda, ta rasa wannan.

Saboda haka ina kira ga 'yan uwa, in an zo taron shekara ana rabon ayyukan da ƙungiya za ta yi wa makaranta, a tuna da ɗakin gwaje-gwaje da malaman kimiyya kamar yadda ake tunawa da fenti da katanga. Gas da kwalabe da sinadaran gwaji na zango guda ba su fi ƙarfin ajin shekara ɗaya ba in an haɗa hannu. Ku kuma ƙannenmu, in malami ya rubuta haɗin amoniya a allo, kada ku tsaya ga haddacewa don jarrabawa. Ku ɗaga hannu ku tambaye shi yadda ƙarfen ke yin aikin, domin wannan tambaya ce ta kai ɗan Bad Cannstatt gaban Sarkin Suwidin.

Allah Ya ƙara wa makarantarmu albarka, Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba mu damina mai albarka, amin.